Amonayit: Tsarin Jikinsu da Salsalarsu Bisa Shaidar Duwatsun Ashaka, Damargu da Sakkwato

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman kimiyya na makarantun sakandaren yankin Rano da Kibiya, a garin Yalwa, Jihar Kano

Tsakure

Amonayit dabbobin teku ne marasa ƙashin baya, masu naɗaɗɗen ƙwanso, da suka rayu daga kimanin shekara miliyan 410 zuwa shekara miliyan 66 da suka wuce, sannan suka ƙare ba su bar baya ba. Wannan maƙala ta bi tsarin jikinsu gaɓa-gaɓa, ta kuma auna hujjojin da masana ke kafawa wajen gano danginsu. An ɗauko misalai daga burbushin da aka tono a Ashaka da Pindiga a Jihar Gombe, da Damargu a Jamhuriyar Nijar, da Dukamaje da Kalambaina a Jihar Sakkwato. Matsayar maƙalar ita ce siffar ƙwanso ta waje rarraunar hujja ce wajen ƙulla zumunta. Sassan da ke ɓoye, wato ƙwanson ƙuruciya da mazaunin bututu da haƙoran harshe, su ne suka nuna amonayit sun fi kusa da sikwid da oktofus a kan notilus, duk da cewa da notilus suka fi kama.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka koya wa darasin burbushin halittu a Yalwa ko Rano ko Kibiya, in ya fita bayan gari ya yini yana farfasa dutse, ba zai tsinci ko ɗaya ba. Dalilin yana cikin dutsen kansa. Duwatsun da suka kewaye mu giranit ne da danginsa, irin waɗanda masana ke kira duwatsun tushe. Yawancinsu narkewa suka yi a can cikin ƙasa sannan suka daskare, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tun ba a fara jin ɗuriyar amonayit ba. Duwatsun Riruwai da ke kudu da mu, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun fi su ƙuruciya, domin shekarunsu wajen miliyan 170 ne, lokacin da amonayit suka cika tekunan duniya. Sai dai su ma narkakku ne tun asali, kuma dutsen da ya taɓa narkewa ba ya adana gawar komai.

Burbushi yana samuwa ne a duwatsun da laka da yashi suka kwanta hawa-hawa a ƙarƙashin ruwa har suka sandare. Irin waɗannan suna gabas da mu a kwarin Gongola, suna yamma a ƙasar Sakkwato, suna kuma arewa a Damargu, bayan Damagaram. A ma'aikatar siminti ta Ashaka, kusa da Bajoga a Ƙaramar Hukumar Funakaye, aikin fasa dutsen farar ƙasa ya buɗe shimfiɗun da ke cike da amonayit, har wurin ya yi suna a tsakanin masana wannan fanni a duniya.

Wanda ya fara ɗaukar ɗaya a hannu zai ce katantanwa ce ta zama dutse. Wanda ya tsaga ta biyu ya ga ɗakunan ciki zai ce 'yar'uwar notilus ce, wata dabba mai ƙwanso da har yanzu take raye a tekun Indiya da na Fasifik. Na farko ya yi kuskure, na biyu kuma bai kai ga gaskiya duka ba. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma wannan maƙala ƙoƙari ne na nuna yadda masana suka tabbatar da hakan a kan amonayit. A cikinta za a riƙa cewa nau'i ga mafi ƙanƙantar rukuni, jinsi ga tarin nau'o'i, dangi kuma ga tarin jinsuna.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Turawan mulkin mallaka ne suka fara tattara amonayit na wannan yanki, Faransawa a Nijar, Ingilishi a Najeriya. René Chudeau ya bayyana na Damargu a 1909, kuma daga cikin sunayen da ya raɗa akwai cauvini da gadeni, waɗanda har yau ake aiki da su. A 1911 J. D. Falconer ya fitar da littafinsa a kan duwatsu da labarin ƙasar Arewacin Najeriya, inda Henry Woods na Jami'ar Kambirij ya yi bayanin burbushin da aka kwaso daga kwarin Gongola. Falconer ɗin ne ya zama shugaban farko na Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da aka kafa a 1919. A 1943 Schneegans ya kafa jinsin Nigericeras bisa samfuran Damargu.

Shekarun 1950 su ne na yawaita sunaye. Richard Reyment ya kafa jinsunan Gombeoceras da Bauchioceras a 1954, W. Barber kuma ya fitar da babban aikinsa a kan amonayit na arewa maso gabashin Najeriya a 1957, ya bayyana nau'o'i masu yawa. Bayan buɗe ramin Ashaka sai salon bincike ya sauya. Christian Meister a 1989, da Philippe Courville a 1992, da P. M. P. Zaborski a ayyukansa na 1990 da 1996, sun riƙa tattara samfura shimfiɗa bayan shimfiɗa, suna rubuta daga inda kowanne ya fito. A ɓangaren Sakkwato kuwa, C. A. Kogbe ne ya yi fice wajen bayanin jerin duwatsun yankin, sannan Zaborski da Morris suka nazarci jinsin Libycoceras a 1999. Abin lura shi ne duk waɗannan ayyuka da Ingilishi ko Faransanci aka yi su, alhali mutanen da ke zaune a kan duwatsun da Hausa da Fulatanci suke magana.

3.0 Tsarin Jiki

3.1 Ƙwanso da ɗakunansa

Ƙwanson amonayit doguwar mazuba ce da ta faro siririya tana faɗaɗa, ta naɗe kanta a shafe, kowane zagaye yana rungumar wanda ya riga shi. An gina shi da sinadarin aragonayit, hawa uku, na tsakiya mai sheƙi irin na cikin makankari. Ya kasu kashi uku. A can cibiya akwai ɗan mitsitsin ɗakin fari, wanda dabbar ta gina tun tana cikin ƙwai. Daga shi sai jerin ɗakuna, kowanne da bangon da ya raba shi da na gaba. A ƙarshe sai babban ɗaki mai buɗaɗɗen baki, kuma a nan kaɗai naman dabbar yake zaune. Duk sa'ad da ta ƙara girma sai ta ƙara tsawon bakin ƙwanso, ta matsa gaba, ta gina sabon bango a bayanta. Katantanwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan bangaye, kuma jikinta ya shige har ƙuryar ƙwansonta.

Girmansu ya bambanta ƙwarai. Akwai waɗanda ba su wuce kan ɗan yatsa ba, akwai kuma Parapuzosia seppenradensis da aka tono a Jamus a 1895, mai faɗin kusan mita 1.8 duk da cewa bai cika ba, wanda ke ajiye a gidan tarihi na birnin Münster. Ba kuma duka ne suka naɗe a shafe ba. Baculites miƙaƙƙe ne in ban da ɗan naɗin ƙuruciya, Turrilites ya murɗe ya yi tsini, Nipponites na ƙasar Japan kuwa ya yi ta kai da komo har ya zama kamar ƙulli.

3.2 Bututun ɗakuna

Wani siririn bututu mai rai ya taso daga bayan dabbar ya huda kowane bango har ɗakin fari. Denton da Gilpin-Brown ne suka fayyace aikinsa a 1966 ta hanyar nazarin notilus mai rai. Sabon ɗaki cike yake da ruwa. Fatar bututun tana janye gishirin da ke cikin ruwan, ruwan kuma ya bi gishirin ya fice zuwa cikin jini, sai iskar da ke narke a jini ta shiga ta maye gurbinsa. Da haka nauyin dabbar yake daidaita da na ruwan da ta ture, ba ta nutsewa, ba ta kuma tasowa sama ba da sonta ba. Aikin a hankali yake tafiya, don haka manufarsa ita ce rama nauyin da girma ke ƙarawa, ba hawa da sauka cikin gaggawa ba.

Mazaunin bututun muhimmi ne ga batunmu. A jikin notilus ta wajen tsakiyar bango yake bi. A jikin amonayit kuwa siriri ne, kuma ya raɓe da gefen waje na zagaye. Rukuni ɗaya ne ya saɓa, wato Clymeniida na ƙarshen zamanin Deboniyan, da nasu ya koma gefen ciki.

3.3 Layin ɗinki

Bangon ɗaki bai haɗu da jikin ƙwanso a miƙe ba. Gefensa ya lanƙwashe, wani wuri ya turo gaba wajen baki, wani wuri ya koma baya. In ƙwanson ya narke ya bar dutsen da ya cika cikinsa, kamar yadda yake a yawancin samfuran Ashaka, sai a ga mahaɗar a zane a jikin dutsen tamkar ɗinkin gyartai a jikin fasasshiyar ƙwarya. Inda layin ya turo gaba za mu kira shi tudu, inda ya koma baya kuma kwari.

Salo uku aka fi sani. A salon goniyatayit, da ya yawaita daga Deboniyan zuwa Famiyan, tudu da kwari duka sumul suke. A salon seratayit na zamanin Tirayasik, tudun sumul yake amma kwarin yana da ƙananan haƙora. A salon amonayit na ainihi, na Jurasik da Kiritashiyos, tudu da kwari duka sun yi rassa kamar ganye. Layin notilus kuwa ɗan lanƙwasa ne kawai.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan amfanin wannan tarin lanƙwasa. William Buckland ya ce a 1836 tokara ce da ke hana nauyin ruwa murƙushe ƙwanso. Daniel da abokan aikinsa sun yi lissafi da kwamfuta a 1997 suka ce yawan lanƙwasa yana iya raunana tsakiyar bangon ma. A 2021 Peterman da abokan aikinsa suka ƙera kwaikwayon ɗakunan suka gwada, suka ga bango mai rassa ya fi riƙe ruwa a lungunansa, abin da zai taimaka wajen daidaita nauyi. Gardamar ba ta mutu ba, amma amfanin layin wajen tantance dangi ba mai musunsa.

3.4 Baki da abinci

Amonayit suna da muƙamuƙi biyu, na sama da na ƙasa, da harshe mai jerin ƙananan haƙora da ake kira radula. A 1967 aka bayyana wannan harshe sau biyu: Closs ya same shi a wani goniyatayit na ƙasar Uruguwai, Ulrich Lehmann kuma a Eleganticeras na zamanin Jurasik. Akwai kuma wasu fale-falen dutse biyu-biyu da ake yawan tsinta tare da amonayit, masu suna aptychus. An taɓa ɗaukarsu wata dabba ce dabam, daga baya aka ce murfin bakin ƙwanso ne, kafin aikin Lehmann ya nuna muƙamuƙin ƙasa ne.

A 2011 Isabelle Kruta da abokan aikinta sun kai samfuran Baculites na jihar Dakota ta Kudu a Amurka zuwa wata babbar na'urar haske mai ratsa dutse a Grenoble ta Faransa. Ba tare da fasa dutsen ba suka ga siraran haƙoran harshe, da ragowar wani ɗan ƙwaron ruwa da ɗan jaririn katantanwa a cikin bakin. Wannan ya nuna cewa amonayit masu muƙamuƙi irin na Baculites ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suke ci, ba farautar manyan dabbobi suke yi ba.

3.5 Nama, da bambancin mace da namiji

Nama ba ya jure zama dutse, don haka shaidarsa kaɗan ce. A 2021 aka samu ci gaba biyu. Klug da abokan aikinsa sun bayyana wani Subplanites daga yankin Eichstätt na Jamus wanda namansa ya fice daga ƙwanso ya kwanta a laka, aka gane tumbinsa da gaɓoɓin numfashinsa da na haihuwa. Cherns da abokan aikinta kuma sun hango jijiyoyin nama a cikin wani Sigaloceras na Ingila, waɗanda suka nuna dabbar tana iya janye jikinta cikin ƙwanso, tana kuma tafiya ta hanyar feso ruwa daga wani mazurari da ke ƙarƙashin kanta. Hannuwa dai ba a taɓa samunsu a fili ba. Masu cewa goma ne, daga danginsu suka yi kiyasi.

Makowski a 1962 da Callomon a 1963, kowa da nasa binciken, sun lura cewa sau da yawa ana samun manya da ƙanana a shimfiɗa guda, zagayensu na ciki iri ɗaya, sai a girma su rabu. Suka ce nau'i ɗaya ne, babbar mace ce mai ɗaukar ƙwai, ƙaramin kuma namiji. Kafin nan an sha ba mata da miji sunaye dabam-dabam, wani lokaci har a jinsuna biyu.

4.0 Salsala

4.1 Tsakanin notilus da sikwid

Katantanwa da makankari da amonayit duk suna cikin babban rukunin dabbobi masu taushin jiki, amma zumuncin na nesa ne. Ɗakuna da bututu da muƙamuƙi sun sa amonayit cikin sefalofod, wato masu hannuwa a ka. Rayayyun wannan rukuni kashi biyu ne: notilus mai ƙwanso a waje, da su sikwid da oktofus waɗanda ƙwansonsu ya koma cikin jiki ko ya ɓace. Tambayar ita ce wane ɓangare amonayit suka fi kusa da shi.

An daɗe ana jingina su ga notilus saboda naɗaɗɗen ƙwanso mai ɗakuna. Sai dai ƙwanso na waje mai ɗakuna gadon kakan sefalofod ne baki ɗaya, kuma abin da kowa ya gada ba ya nuna wa ya fi kusa da wa. Hujja tana cikin sabon abin da rukuni biyu suka yi tarayya a kai su kaɗai. A nan abubuwa uku suka fito. Na farko, kowane jeri na harshen notilus yana da gaɓa 13, na amonayit 9 ne, daidai da abin da ake samu a ɓangaren sikwid, inda ake da 7 ko 9. Na biyu, notilus tana yin ƙwai manya 'yan kaɗan, suna kai wa kusan shekara kafin su ƙyanƙyashe, ɗan kuma ya fito da faɗin kusan santimita 3. Ɗan amonayit kuwa galibi tsakanin rabin milimita ne zuwa milimita 2, irin ƙananan 'ya'ya masu yawa da aka san sikwid da su. Na uku, ɗan ƙaramin ɗakin fari mai kama da ƙwai da siririn bututun gefe suna nan a amonayit, suna kuma nan a tsofaffin dangin sikwid irin su belemnayit. Saboda irin waɗannan hujjoji ne Jacobs da Landman suka yi gargaɗi a 1993 cewa notilus ba ma'auni ne mai kyau na rayuwar amonayit ba.

4.2 Tushe da rassa

Tushen da ya haɗa amonayit da su sikwid shi ne wasu ƙananan sefalofod masu miƙaƙƙen ƙwanso da ake kira Bactritida, masu ɗakin fari ƙarami da bututu a gefe. Heinrich Erben ya bi sawun sauyin a duwatsun Hunsrück na Jamus, an kuma sami irinsa a yankin Tafilalt na Maroko: daga miƙaƙƙe zuwa mai ɗan lanƙwasa, zuwa mai sakakken naɗi irin Anetoceras, zuwa mai matsattsen naɗi, duk a farkon Deboniyan. Daga wannan tushe ne kuma reshen sikwid ya fito daga baya. Ke nan naɗin amonayit da na notilus kowanne da kansa ya same shi.

Sau da dama amonayit suna kai wa bakin ƙarewa su dawo. An yi musu mummunar ɓarna a ƙarshen Deboniyan. A ƙarshen Famiyan, shekara miliyan 252 da suka wuce, goniyatayit suka ƙare, 'yan tsirarun da suka tsira suka haifar da yalwar seratayit. A ƙarshen Tirayasik, shekara miliyan 201 da suka wuce, seratayit ma suka tafi, kuma daga ɗan abin da ya rage ne amonayit na Jurasik da Kiritashiyos suka yaɗu. Saurin sauyawarsu da faɗin yaɗuwarsu ne suka sa tun zamanin Albert Oppel, a shekarun 1850, ake yanka tarihin duwatsu da su, har wani yankin bai kai shekara miliyan ɗaya ba.

5.0 Darasin Ashaka da Damargu

Kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, a mahaɗar zamunnan Senomaniyan da Turoniyan, ruwan teku ya yi hawan da ba kasafai yake yin irinsa ba. Ya kwararo daga tsohon tekun Tetis da ke arewa, ya ratsa inda Sahara take a yau, ya bi ta gabashin Nijar, ya haɗu da wanda ya shigo ta kwarin Binuwai daga kudu. Taswirorin masana suna nuna yankinmu na duwatsun tushe tudu ne a gefen wannan ruwa. Dutsen farar ƙasar da ake ƙonawa a Ashaka lakar ƙasan wannan teku ce mara zurfi.

Dangin da ya mamaye ruwan shi ne Vascoceratidae. Jinsin Vascoceras, wanda Paul Choffat ya kafa a ƙasar Fotugal a 1898, yawanci kumburarre ne, mai santsin baya, mai sauƙin layin ɗinki. Wanda ya dube shi a girme ba zai haɗa shi da dangin Acanthoceratidae masu kaurin haƙarƙari da jerin ƙuraje ba. Amma in aka ɓare zagayen waje na Nigericeras aka dubi na ƙuruciya, sai a tarar da haƙarƙarin da ƙurajen suna nan, girma ne yake shafe su. Wannan ne ya sa ake ganin Vascoceratidae daga Acanthoceratidae suka fito, masana da dama kuma suna ɗaukar Nigericeras gadeni na Damargu a matsayin makusancin tushen Vascoceras cauvini.

Darasi na biyu ya shafi ƙidayar nau'o'i. Da aka tara samfura masu yawa daga shimfiɗa guda a Ashaka, sai aka ga mai kumburi da mai matsattsen jiki, mai ƙuraje da mai santsi, duk akwai masu tsaka-tsaki da ke haɗa su ba tare da giɓi ba. Abin ma yana da ƙa'ida, wadda Westermann ya jingina wa sunan Buckman a 1966: mai kauri da buɗaɗɗiyar cibiya ya fi ado, siriri mai rufaffiyar cibiya ya fi santsi. Saboda haka sunaye da yawa na shekarun 1950 suka narke cikin 'yan kaɗan. Gombeoceras ya koma cikin Thomasites, jinsin da aka fara bayyanawa daga Tunisiya, Bauchioceras kuma ya koma cikin Pseudotissotia. Sunayen garuruwanmu sun ragu a littattafai, amma an sami abin da ya fi suna amfani, wato shaidar cewa dabbobin Gongola da na Arewacin Afirka 'yan gida ɗaya ne. Zumuncin ya ma ƙetare teku: akwai Vascoceras a Sergipe ta Barazil, akwai kuma Nigericeras scotti da Cobban ya bayyana daga Kolorado ta Amurka.

Wannan jeri na amonayit yana cikin ginshiƙan da aka dogara da su wajen sanin shekarun duwatsun kwarin Gongola, kwarin da aka ƙaddamar da aikin haƙar man Kolmani a cikinsa a Nuwamban 2022.

6.0 Sakkwato: Wa Ya Tafi, Wa Ya Saura

A ƙarshen Kiritashiyos ruwan ya sake shigowa, wannan karon ta yammacin tsaunukan Ahaggar, ya gangaro ta Mali da Nijar zuwa ƙasar Sakkwato. Ya bar shimfiɗun Dukamaje, inda aka sami ƙasusuwan Goronyosaurus, wani babban mai jan ciki na teku da ya ci sunan Goronyo, da kuma amonayit na jinsin Libycoceras. Shi Libycoceras siriri ne mai kaifin baya, kuma tudun layin ɗinkinsa sumul yake kamar na seratayit. Wanda ya tsaya ga wannan kaɗai zai mai da shi Tirayasik, alhali fiye da shekara miliyan 120 ne tsakaninsu. Ya fito ne daga kakanni masu layi mai rassa, ya sauƙaƙa nasa daga baya. Ashe ko layin ɗinki ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Sama da waɗannan shimfiɗu akwai na Dange da na Kalambaina, na zamanin Faliyosin. Dutsen Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi a Sakkwato, cike yake da burbushin bushiyar teku da katantanwa da dangin notilus, amma babu amonayit ko ɗaya. A tsakanin Dukamaje da Kalambaina ne, shekara miliyan 66 da suka wuce, wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a Chicxulub ta ƙasar Meziko, ya bar rami mai faɗin kusan kilomita 180. Ƙura ta tare rana, ruwan saman teku ya yi tsami, ƙananan halittun da ke yawo a cikinsa suka mutu da yawa.

Bayanin da ya fi samun karɓuwa ya koma kan bambancin da aka ambata a 4.1. Jariran amonayit mitsi-mitsi ne masu siririn ƙwanso, a saman ruwa suke yawo, abincinsu da na iyayensu da dama kuma shi ne ya ƙare. Ɗan notilus yana fitowa da girmansa daga ƙwai mai wadatar kwanduwa, yana zaune a ƙasa-ƙasa, yana cin abin da ya samu har da mushe. Yawan ƙananan 'ya'ya, wanda ya ba amonayit saurin yaɗuwa da saurin farfaɗowa a baya, shi ne ya zama rauninsu a wannan karo.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a kowane mataki siffar waje ta sha ɓatar da masu bincike. Ta sa an haɗa amonayit da notilus, ta sa an raba mace da namiji, ta sa an yanka nau'i ɗaya na Ashaka gida-gida, tana kuma iya sa a mai da Libycoceras zamanin da ba nasa ba. Abin da ya gyara kurakuran shi ne duba zagayen ƙuruciya da bututu da haƙoran harshe, da tara samfura masu yawa, da rubuta shimfiɗar da kowanne ya fito.

Daga nan shawarwari uku suka taso ga malamanmu. Na farko, a koya wa ɗalibi dalilin da ya sa dutsen garinsa ba shi da burbushi, domin wannan kansa darasi ne a kan rabe-raben duwatsu. Na biyu, makarantun yankin su haɗa kai su nemi izinin kai ɗalibai ziyara Ashaka ko Kalambaina, su kuma nemi aron samfura daga sassan nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello. Samfuri ɗaya da aka tsaga biyu ya isa a nuna ɗakuna da bangaye da layin ɗinki a darasi guda. Na uku, duk wanda ya tsinci burbushi ya rubuta wurin da shimfiɗar kafin ya ɗauke shi, domin samfurin da ba a san mafitarsa ba ya rasa rabin amfaninsa. Kalmomin da aka yi aiki da su a nan, irin su layin ɗinki da ɗakin fari da bututun ɗakuna, an gabatar da su ne domin mahalarta su gwada su a aji, su gyara wanda bai zauna ba.